Malam Yona, Mai Jin Sauti da Yatsa

Kullum da hantsi Malam Yona yakan shigo birni daga Wusasa a kan tsohon babur ɗinsa. Ya jingine shi a bakin shagonsa da ke Kwarbai, ya share ƙofa, ya kunna rediyon da shi kansa ya daina ji sosai. Maƙwabta yake kunna wa. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kaset, yanzu kwamfutoci ne suka cika masa tebur. Kunnensa ya yi nauyi, kuma ƙarshen shekarar nan zai rufe shagon. Shi ya sa nake wannan rubutu tun yana buɗewa.

Ladanin unguwa ya ce duk ranar da lasifikar masallaci ta shaƙe, Yona ne ke hawa tsani, ko da Lahadi ce ya taso daga coci. Hajiya Rakiya mai waina, maƙwabciyar shagon, har yau tana jin labarai a rediyon marigayi mijinta, rediyon da masu gyara da yawa suka ce ta jefar, Yona ya gyara mata.

Nawa labarin gajere ne. Ina karatu a ƙasar waje mahaifiyata, Inna Hajara, ta rasu. Ban samu jana'iza ba. Abin da ya rage mini shi ne saƙonnin murya da ta riƙa aiko mini, na tara su a laftof ɗina. Da na dawo Zariya na yi wa mahaifina, Malam Abubakar, alkawarin zai ji su. Kafin nan na sa wa na'urar sabuwar babbar manhaja, don tsohuwar ta fara sarƙewa. Komai ya tashi, ban da sauti. In na danna saƙo, sai layin ya yi ta tafiya, Inna tana magana, ba a jin komai. Ban san ko na'urar ce ta yi shiru ba, ko saƙonnin ne suka lalace.

Baba ba mai yawan tambaya ba ne. Amma kowace safiya bayan na gaishe shi sai ya ce, "Uwar taku ba ta yi magana ba tukuna?"

Na kai wa Malam Yona. Kafin ya taɓa komai ya kwafe saƙonnin a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya miƙa mini.

"Baba Yona, sa a taka kwamfutar mana, mu ji ko suna nan."

"Ƙara murya, ɗan Malam."

Na maimaita da ƙarfi.

"A nan? Muryar mahaifiyarka a bakin titi, ga Rakiya ta baza kunne?"

"Na ji ka, kurma!" in ji Hajiya Rakiya daga bakin tandarta.

"Ka gani ko? Mahaifinka ne zai fara ji, a ɗakinsa."

Ƙa'idarsa ke nan tun zamanin kaset. Ba ya gwaji da abin da mutum ya ajiye wa kansa.

Ya duba ko an rufe sautin ne, ba a rufe ba. Ya jona iyafis ya ba ni na sa a kunne, shiru. Sannan ya nuna mini cewa sabuwar manhajar ba ta ma san akwai lasifika a jikin na'urar ba. Ƙaramar manhajar da ke haɗa su, wadda ake kira direba, ta tafi tare da tsohuwar. Ya sauko da ɗaya daga intanet, ta ƙi. Ya sauko da wata, ita ma ta ƙi. Ya ce na'urar ta tsufa, in dawo gobe. Washegari na tarar ya nemo wata tsohuwa da ta dace. Ya kashe na'urar ya kunna, ya danna 'yar ƙarar gwaji, ya ɗora yatsu biyu a kan ramukan lasifika. Idonsa a rufe.

"Tana rawa," ya ce. "Kai me ka ji?"

Na ce na ji.

Bayan la'asar na ajiye laftof a gaban Baba. Muryar Inna ta fito, tana tambaya ko ina cin abinci, tana faɗa a kan ban sayi rigar sanyi ba. Can bayanta ana jin tabarya. Baba ya saurara har saƙon ya ƙare. Na riga na ba shi labarin yadda Yona ke gwaji. Ya ce in sake kunnawa, ya miƙa hannu ya ɗora yatsunsa a kan lasifikar. Bai ɗauke ba har aka kira magariba.

Malam Yona, kai ne ka dawo wa gidanmu da muryar da kai ba ka ji ba, ba ka kuma nemi ji ba. Mai gyara da riƙon amana, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi a Wusasa.

Matasan da suka buɗe shagunan gyara, ku leƙa Kwarbai kafin ya sa kwaɗo. Nemo direba kuna iya koya a intanet. Abin da za ku koya a wurinsa shi ne abin da ba a kunnawa a bakin titi.