Kabarin Sologa a Bakin Teku

Kawuna Teleke ne kaɗai ba ya zuwa coci a tsibirinmu. Ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a manyan jiragen ruwa, kamar sauran mazanmu na Tuvalu. Su sun dawo da rediyo da keken ɗinki, shi ya dawo babu addini. Ya taɓa gaya mini cewa ya zauna jirgi ɗaya da masu addini iri-iri, kowa na rantsuwa nasa ne gaskiya, amma ranar da guguwa ta taso, inji ne ya fitar da su duka.

Shi ba mai neman gardama ba ne. Yana hawan kwakwarsa, yana kamun kifinsa, ranar Lahadi ya zauna a inuwa yana jin waƙoƙinmu daga nesa, wai muryoyin akwai daɗi. Matarsa Sologa kuwa ba ta taɓa fashin coci ba har ta rasu. Aka binne ta a gefen gidansu, ta wajen teku.

Ruwa ya fara cin gaɓar nan a hankali. Ya kayar da kwakwar da ake shanya taru a kanta, sannan ya matso kabarin. Kawu ya je zauren dattawa ya roƙi a ba shi samari da ragowar simintin gari, a yi katanga.

Lotoala, dattijon coci kuma abokin wasansa tun suna yara, shi ya amsa masa. "Haba Teleke, bakan gizo fa? Allah ya yi wa Nuhu alkawari ba zai sake halaka duniya da ruwa ba."

Kawu ya ce, "Je ka ɗanɗana ruwan ramin da kake noman gwaza a ciki, ka dawo ka gaya mini ko bakan gizo ya cire gishirin."

Aka yi dariya, amma simintin an riga an ware shi don matakalar coci. Lotoala ya ƙara da cewa, "Wai kai, sarkin ilimi, ba kai kake cewa wanda ya mutu ya ƙare ba? To ina ruwanka da ƙasusuwa?"

Sai da muka dawo gida, ina zaune kusa da kawu yana ɗinkin taru, ya ce, "Ɗana, su suna da ita a aljanna, suna jiran su sake ganinta. Ni abin da ke cikin ramin nan shi ne duk abin da ya rage mini. Shi ne ba su gane ba." Ya ja zaren da ƙarfi har ya tsinke.

Shi kaɗai ya dinga jido duwatsu yana jerawa, ruwa yana watsar da su. Wata Asabar da yamma rediyo ya ce ranar Litinin teku zai yi cikar da bai taɓa yi ba a shekarar. Ranar Lahadi kuwa ba a taɓa shebur a garinmu. Muna cikin coci fasto na wa'azi, sai muka fara jin ƙarar haƙa. Kowa ya san daga inda take fitowa, babu wanda ya waiwaya.

Kawu ya kwashe ƙasusuwan Sologa, ya naɗe su a tabarmar aurensu, ya sa a akwatin da ya yi yawon duniya da shi, ya ɗaure a saman rufin ɗakinsa. Washegari ruwa ya shafe wurin kabarin, ya tsaya dab da sabuwar matakalar coci. Aka yi taron godiya. Dattawa kuma suka ci kawu tarar alade saboda keta Lahadi.

Lotoala ne ya zo karɓa. Ya ɗaga kai ya ga akwatin, sannan ya ce, "Teleke, wannan bai dace ba. Yaushe za ka mayar da baiwar Allah makwancinta?"

Kawu ya miƙa masa igiyar aladen. "Zaga tsibirin nan ka nuna mini inda ruwa ba zai kai ba. Yau ɗin nan zan binne ta."

Lotoala ya ja aladen ya tafi. Har yanzu akwatin yana sama.