Bindigar da Aka Yi wa Wanka

Shekara ashirin da shida Malam Yahuza ya yi yana ɗaukar hoto a Birnin Kudu, a wani ɗan shago kusa da tasha. Hoton fasfo ɗin da na nemi aikin akawu da shi ma shi ya ɗauka. Da wayoyi suka yawaita, kowa ya zama mai hoton kansa, sai ya juya kyamararsa kan tsofaffin kaya: dutsen guga na gawayi, fitilar ƙwai, kwabo mai huji, langar da aka yi wa kakar wani jere da ita. Yakan shimfiɗa baƙin ƙyalle a bakin taga, ya jera su, ya ja da baya. Har yau bai bar tsohuwar ɗabi'arsa ba. Kafin ya danna, sai ya dubi fitila ya ce, "To, kar a motsa."

Ni nake rubuta masa bayani a bayan kowane hoto: sunan abu, mai shi, da ranar ɗauka. Shi ya sa ya tafi da ni garin Sara ranar Asabar, uku ga Mayu, 2025.

Wanda ya kira mu Baba Barau ne, tsohon maharbi. Dagaci ya sanar cewa duk mai tsohuwar bindiga ya miƙa ta ga hukuma ranar Litinin. Baba Barau bai yi musu ba, don shekara goma rabonsa da daji. Amma bindigar tokar nan daga hannun mahaifinsa ya gaje ta, kuma yana so kamanninta su zauna a bangon ɗakinsa bayan ta tafi.

Muna zaune a zaure 'yarsa Munawwara ta fito da ita naɗe cikin zane, tana murmushi. Da aka warware, sai ga ƙarfe yana walƙiya kamar sabuwar tasa. Ashe tun da safe ta dirje ta da toka da tsamiya, ta kwance layu da jan ƙyallen da ke jikinta, ta shafe ta da man gyaɗa.

"Wannan ta wa ce?" in ji Baba Barau. "Tawa baƙa ce."

"Haba Baba, wa yake zuwa hoto da datti?"

"Dattin nan ya girme ki! Kin mayar mini da tsohuwa amarya." Ya juyo wurin Yahuza. "Malam, mayar da na'urarka jaka. In ka ɗauki wannan, jikokina cewa za su yi jiya na sayo ta a kanti."

Yahuza bai mayar ba. Ya ce, "Baba, riƙe mini ita yadda kake riƙewa in ka hango barewa." Tsohon ya ɗaga ta yana gunaguni. Babban yatsansa ya faɗa cikin wani ɗan gurbi a jikin ƙotar, wanda riƙon shekaru ya sassaƙa. Toka ba ta iya da wannan ba.

Yahuza ya naɗe baƙin ƙyallensa, ya nemi buzun sallar Baba ya shimfiɗa a bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe, ya kwantar da bindigar a kai. Munawwara ta dawo da layun daga cikin kwallar da ta adana su. Aka ajiye ƙahon albarushi kusa. Yahuza ya yi ta juya bindigar kaɗan-kaɗan har inuwa ta cika gurbin nan. Sannan ya durƙusa.

"To, Hajiya, kar a motsa."

Washegari muka koma da hoton. Baba Barau ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora babban yatsansa daidai kan inuwar.

"Ita ce," ya ce. "Wanka dai ta yi."

Ranar Litinin da kansa ya saɓa ta zuwa gidan dagaci. A bayan hoton na rubuta sunansa da na mahaifinsa da kwanan wata. Na rufe biro ke nan ya ce in ƙara layi ɗaya, kuma na ƙara yadda ya faɗa: Malam Yahuza ya ɗauka, Munawwara ta wanke.