Tocilar Akawu a Bakin Rijiya

Yasar rijiya na yi shekara talatin a cikin birni. Ban yi allo ba, ban yi boko ba. Amma na san ido.

Kafin in sauka, nakan zauna a bakin rijiya in lulluɓe kaina da baƙin mayafi, in rufe ido kamar tsawon dahuwar shinkafa. Wanda ya faɗa daga rana kai tsaye makaho ne a ƙasa. Wanda ya jira, duhu zai buɗe masa: zai ga tsaga a bango, zai ga inda ƙasa ta jiƙe za ta rufto. In na fito kuma, sai na sake lulluɓa, in ba haka ba rana ta sare ni, hawaye da jiri har la'asar.

Wata shekara kafin 'yancin kai, aka kira ni wani gida a unguwar Limancin Kona. Ruwansu ya fara wari. Mai gidan akawu ne, yana da sabuwar tocila. Ni da yayana muka je da hantsi, shi ke riƙe mini igiya.

Na zauna na lulluɓa. Akawu ya tsaya a kaina.

"Tsibbu ne wannan, ko barci?"

"Aiki ne," na ce.

"Tashi, malam. Zamani ya zo da haske. Zan haska maka."

"Kada ka haska."

Ya yi dariya. Na sauka.

Na kai kamar gaba bakwai, ƙafafuna a ramukan takawa, sai na gan shi. Gamsheƙa, kwance a wani kogo daidai kafaɗata. Ina ganinsa sarai, har harshen. Ban damu ba. Muddin ina ganinsa, na san inda zan sa hannu.

Sai haske ya zubo daga sama. Na ɗaga kai ba da nufi ba, ya shiga idona tsaf. Yayana ya daka tsawa, aka kashe tocilar. Amma an gama. Ba bango, ba maciji, sai wasu ƙwallaye kore suna yawo a gabana.

Ban motsa ba. Gumi yana shiga bakina. Ina jin sautin jan cikin macijin a kan ƙasa, ban san ta ina ba. Na rufe ido na jira, yadda na saba. Da na buɗe, bango ya dawo kaɗan-kaɗan. Macijin ya zo ya kwanta a cikin ramin da zan sa hannuna na dama. Na kama igiya na ce a ja.

A sama na lulluɓa. Akawu yana ta magana.

"Taimakonka na yi! Ana yi maka alheri kana fushi?"

Daga cikin mayafi na amsa. "In wannan abin yana hannunka, ba na sauka. Ka sha ruwan haka, ko ka shiga da kanka."

"A gidana za ka sa mini doka?"

"Gidanka ne. Idon nawa ne."

Mahaifiyar akawu, tsohuwa, tana zaune gindin turmi tana ji. Ta taso ta miƙa masa hannu.

"Kawo."

"Iya..."

"Kawo, na ce. Kai za ka biya uwarsa in ya mutu?"

Ya ba ta. Ta ƙulle ta a bakin zaninta ta zauna a kai. Ta ce mini, "Ɗan nan, yi zamanka."

Na yi zamana, har na ƙara. Akawu na tsaye cikin rana yana jira. Sannan na ɗauki sanda mai baki biyu na sauka. Na fito da macijin, na fito da mushen kaza da ya ɓata ruwan. Ba wanda ya haska mini.