Ranar da Iya Ta Hau Jirgi a Kan Tudu

Mu 'ya'yan Azare ne, ba mu san kogi ba. Ruwan da muka sani na rijiya ne da na kududdufi, sai na sama in Allah ya kawo. Shi ya sa duk ranar da Iya, kakata ta wajen uba, ta ce yau labarin jirgi za a yi, har gyaɗar da muka binne a toka mantawa muke yi da ita ta ƙone.

Iya mace ce mai jiki, tubarkalla. In ta zauna a kujera 'yar tsugunno sai ka ji kujerar ta yi ƙara, mu kuwa jikoki ba ma raga mata, mu ce wata rana sai ƙasa ta kai ƙararta wurin alƙali. Ta ce mu yi ta yi, 'yan banza masu ƙafafu kamar sillen kara, jikin nan da muke rainawa ya taɓa ceton rai. Da an sauke tuwo lokacin ɗari sai ta jawo ragowar itacen murhu zuwa ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta da zannuwanmu a ka. Sauran labarai na kura da zomo takan buɗe su yadda kowa ke buɗewa, amma wannan a'a.

"Kada wanda ya amsa mini amshin tatsuniya," in ji ta. "Wannan da idona na gani, da jikina kuma aka yi."

A Katagum aka yi abin, shekarun da amalanken shanu ya fara shigowa ƙasarmu, mutane na fitowa kallonsa. Kakanmu Malam Buba masassaƙi ne, turmi da akushi da kujera su ne sana'arsa. Sai masu fito na bakin kogi suka roƙe shi ya sassaƙa musu jirgi, don nasu ya tsufa yana shan ruwa. Itacen da ya isa a yi jirgi da shi kuwa babu shi kusa. Sai can cikin wani kurmi, tafiyar yini biyu daga kogi, ya sami wani maɗaci da mutum uku ba sa iya rungume shi. Wata huɗu yana cinsa da gatari da gizago, Iya tana can tare da shi a bukka tana dafa masa abinci. Da ya gama, jirgin ya kai kamu goma sha biyar. Iya ta ce ranar da aka share ɓawon itacen da ke kewaye da shi ta tsaya ta dube shi, sai da tsigar jikinta ta tashi, wai mijinta ne ya fitar da wannan abu daga cikin itace.

To, sassaƙa daban, kaiwa ruwa daban. Malam Buba yana da ɗan amalankensa na kai taki gona, da bijimai biyu, Ɗanfari da Baleri. Baleri shi ne ɗan lelensa. Uwarsa ta mutu yana ɗan maraƙi, Malam Buba ya raine shi da kunu a ƙwarya, har ya girma yana binsa kamar akuya. Iya ta ce in ana rabon ƙauna a gidan, Baleri ke fara ɗiba, sannan ita.

Aka kira Malam Modu, wani dattijo mutumin Barno da ya zauna a Katagum, wanda duk garin ba wanda ya kai shi sanin amalanke. Ya zo ya zaga jirgin, ya zaga ɗan amalanken takin, ya tsuguna ya leƙa ƙarfen da ƙafafun ke juyawa a kai, ya ce wannan ko rabin jirgin aka ɗora masa zai durƙusa. Ya koma ya zo da nasa babba mai ƙafafun ƙarfe, wanda yake ɗaukar azara da shi. Shi ma jirgin ya fi shi tsawo nesa, don haka aka shimfiɗa azara huɗu a kansa aka ɗaure tamau, aka jera dammunan ciyawa don kada cikin jirgin ya tsage. Sai da aka tara maza ashirin daga ƙauyen da ke kusa kafin jirgin ya hau.

Mu dai a nan muke cewa to a tafi mana. Sai Iya ta ce mu yi haƙuri, ai su ma mazan haka suka ce, Malam Modu ya hana. Amalanke mai ƙafa biyu ne, akwai doguwar sanda da ta fito daga gabansa ta hau kan karkiya, wato itacen da ke kwance a wuyan shanun, wanda ake ɗaure musu da igiya ta ƙarƙashin maƙogwaro. Tun hantsi har azahar dattijon nan yana kama bakin sandar yana ɗagawa, ya ce a matsa jirgi gaba kaɗan, ya sake ɗagawa, ya ce a ja shi baya ɗan yatsa uku. Abin da yake nema shi ne bakin sandar ya yi nauyin da namiji ɗaya zai ɗaga da hannu biyu zuwa gwiwa, da nishi guda. In sai mutum biyu, zai karya wuyan shanu. In hannu ɗaya ya isa, wannan ya fi muni, amma bai tsaya faɗin dalili ba, shi ba mai yawan magana ba ne.

Yinin farko lafiya lau. Suka kwana a wani ƙauye. Da asuba Malam Modu ya yi gaba don ya duba wani busasshen rafi da za su tsallaka, ya ce su same shi a can. Malam Buba ya je ɗaura shanu, sai ya ga karkiya ta ɗan goge wuyan Baleri, gashi ya tashi, wurin ya yi ja. Iya ta ce ta ga idon mutumin nan ya kawo ruwa. Ya kira samarin ƙauyen, aka kwance igiyoyi, aka tura jirgin baya taƙi biyu, aka sake ɗaurewa. Ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga sandar, ta tashi sakayau. Baki har kunne, wai yau Baleri zai yi tafiya ba kaya a wuya. Iya tana kallo ba ta hana ba, don ita ma a ganinta tausayi ne.

Tun a hanya gindin jirgin ya fara lilo, dama da hagu, shanun suna tafiya suna tangaɗi. Suka gangara cikin rafin lafiya. Wajen hawa ɗaya gaɓar ne abin ya faru. Ƙafafun amalanke na fara hawa, gindin jirgi ya rinjaya ya daki yashi, sandar gaba ta yi sama da karkiya, igiyar maƙogwaro ta shaƙe shanun ta ɗaga su. Ɗanfari da yake dogo ne yana ɗan taɓa ƙasa. Baleri kuwa gajere ne, ƙafafunsa na gaba suna reto a iska, harshe waje, ido ya firfito, ko kukan ma ya kasa.

In Iya ta zo nan takan tsaya ta gyara itacen wuta, sannan ta ci gaba.

Maza biyar ne kawai a wurin, har da 'yan rakiya. Suka ruga baya su ɗaga gindin jirgi, ina, ko motsi. Malam Buba ya zaro wuƙa zai yanke igiya, Malam Modu ya riƙe hannunsa, don in aka yanke, amalanke zai koma da baya ya murƙushe na bayan. Sandar ta yi sama da yawa, kuma ba mai iya kusantarta saboda shurin shanu. Iya tana biye da ƙwaryar fura a ka. Ta ce ita ba ta san ta yi tunani ba. Ta dire ƙwaryar, ta tattare zane, ta taka gindin jirgin da ke ƙasa ta shige ciki, ta kama hawa da rarrafe. Tana wuce saitin ƙafafun amalanke ta ji duk jirgin ya motsa a ƙarƙashinta. Malam Modu ya gane, ya ɗaga murya yana cewa ta ci gaba, ta ƙara, ta ƙara kaɗan. Jirgin nan da maza ashirin suka ɗaga da ƙyar ya sunkuyo a hankali, sandar ta sauko, ƙafafun Baleri suka taɓa yashi.

"Tsaya nan, uwar gida," in ji Malam Modu. "Kada ki ƙara ko taki ɗaya, kada ki rage."

Baleri ya ja numfashi da wani irin gurnani, ya yi tari, ya tsaya da ƙafafunsa. Malam Buba ya rungume wuyansa yana kuka a gaban mutane. Malam Modu ya bar shi ya gama, sannan ya gaya masa cewa nauyin nan da ya tausaya ya cire, shi ne ke riƙe da ƙafafun Baleri a ƙasa.

Babu maza ashirin a dajin da za su gyara zaman jirgi, don haka inda Iya ta tsaya nan ta zauna har Katagum. Aka miƙa mata ƙwaryarta da lema ta kaba. Duk ƙauyen da suka ratsa, mata na fitowa da muciya a hannu, yara na bin su, tsofaffi na salati, ga mace zaune a jirgi tana tafiya a kan tudu ba ɗigon ruwa. Da la'asar suka hango kogi yana walƙiya. Ta ce ba ta taɓa jin girman Allah kamar ranar ba, da ta tuna jikin da ake mata dariya a kansa tun tana budurwa, ashe awonsa aka yi daidai da wuyan Baleri. Daga nan sai ta ce labari ya ƙare, kowa ya tono gyaɗarsa in ta rage.

Shekaru sun wuce, na yi aure a nan Azare, Iya ta tsufa ƙwarai, jikin nan duk ya zube. Na ɗauko ta na dawo da ita gidana don in huta da ita. Na hana ta shara, na hana ta tankaɗe, in ta ɗauki jaririna in karɓe in ce zai gajiyar da ita. Ina ji da kaina, wai ni mai kula da kaka. Sai ta fara rage magana, ta rage ci, ta wuni tana kallon bango. Wata safiya na kawo mata koko, ba ta karɓa ba, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin tura ni baya da yawa."

Wallahi! Labarin da na ji ya fi sau ashirin, ban gane shi ba sai ranar. Na tashi na ɗebo wake a faifai na ajiye mata a cinya, na ce a tsince shi kafin azahar, baƙi za mu yi. Ta jawo faifan, ta harare ni, ta ce waken nan duk tsakuwa ne, wa ya koya mini sayayya.