Dawar Gwauruwa a Hanyar Runka

Shekarar da aka tura ni koyarwa Safana, na tarar da Kiristocin garin ba mu cika mota guda ba, amma majami'unmu biyu ne. Rabuwar ta samo asali daga zaɓen dattawan ikilisiya, tun kafin zuwana. Ni da ban san farkon rigimar ba, sai ga ni na fi masu ita zafi. Ko a kasuwa na hangi zanen zumuntar matan ɗaya majami'ar, sai in sauya layi.

Akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu da damina, ya bar mata gonar dawa a hanyar Runka. Shi a majami'armu yake sujada, ɗansu da ke aiki a Kudu kuma na can ɓangaren ne. Don kada ta ɓata wa kowa, sai ta riƙa raba Lahadi: wannan mako wurinmu, mai zuwa wurinsu. Mu muna kiranta tasu, su suna kiranta tamu.

Da kaka ta yi, dawar ta nuna. A wannan yankin ba mai zuwa gona shi kaɗai saboda 'yan bindiga. Gayya ake yi, a yanke a kwashe a yini guda, in ba haka ba a wayi gari an kora shanu ciki. Dawar nan kuwa ita ce abincinta na shekara. A wurinmu, gayya daga bakin dattijo take fitowa, lokacin sanarwa bayan wa'azi. Namu ya ce waɗancan su fara, ai ɗanta nasu ne. Nasu ya ce mu fara, ai mu muka binne mijin. Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, muna ta rera waƙar ƙaunar juna har da tafi.

Sai da faston Batsari ya ji labari ya yi mana tatas, sannan muka fita wata Asabar, su a motarsu, mu a tamu. Muka iske gona fayau, kara a kwance. Maƙwabtanta Musulmi sun yanke tun da sassafe, suna ɗaure dammuna, ita kuma tana zaune gindin marke tana dama musu fura.

Mai unguwarsu, wani dattijo mai sanyin magana, ya taso ya gaishe mu, ya tambayi gida da iyali. Sannan ya dubi dattijonmu ya ce, "Ku gafarce mu, Baba, mun shiga ba mu nemi izini ba. Mun ga shiru, sai muka ce wataƙila addininku ya hana a taɓa gonar mamaci kafin matarsa ta fita takaba."

Ba gatse yake yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Uzuri ya nema mana ya kawo har gabanmu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa wuƙar da ke hannuna. Dattijonmu ya yi gyaran murya, na ga yana shirin gyaɗa kai, ni ma a zuciyata ina fata ya gyaɗa.

Tsohuwar ba ta ɗago daga kan ƙwaryarta ba. Ta ce, "A'a, Malam. Ba a hana su ba."