Carbin Hajiya a Jirgin Birmingham

Duk inda Hajiya, mahaifiyata, ta zauna, sai ka ji ƙas-ƙas ɗin carbinta kafin ka ji muryarta. Baƙi ne, na itace, ya sha hannu har yana ƙyalli, kuma ya girme ni. Da ta zo mana ziyara Manchester, da shi take shiga kanti, da shi muka je wajen GP, wato likitar unguwa. Likitar ta roƙe ta ta ajiye shi a auna mata hawan jini, Hajiya ta ce in gaya mata ga ɗaya hannun nan ba ya aikin komai.

Wata Lahadi muka bar flat ɗinmu na Whalley Range muka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, za mu duba autanmu da ke uni, wato jami'a, yana haya a Selly Oak. Muka samu kujeru masu tebur a tsakiya. Gabanmu wata tsohuwar Baturiya ce da jakar saƙa a cinya, kusa da ita kuma wani dattijo mai farin gemu da 'yar ƙaramar hula a tsakar ka, ya lulluɓe fuska da jarida.

Ba mu yi nisa ba Hajiya ta sunkuya za ta ɗauko filas ɗin shayi, zaren carbin ya maƙale a hannun kujera. Sai ji muka yi tas! 'Ya'yan carbi suka watse, wasu kan tebur, wasu ƙarƙashin ƙafafun mutane, wasu suka gangara can ƙarshen tarago.

"Innalillahi! Ke, ce wa direban ya tsaya!"

"Hajiya, ba motar haya ba ce fa."

Ni kunya ta hana ni ɗaga kai. Dattijon nan kuwa ya naɗe jaridarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya shiga zaƙulo su da kan lemarsa. Ganin haka sauran fasinjoji suka sa hannu, ana ta miƙo mana ɗaya-ɗaya ta saman kujeru. Baturiyar ta zaro jan zaren ulu da allura, ta shimfiɗa hankici a tebur, ta fara shirya su ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Tana cikin shiryawa ta tsaya, ta lalubo wani abu a aljihu ta nuna wa Hajiya. Carbi ne shuɗi, da ɗan gicciye a ƙarshensa.

Hajiya ta zaro ido. "Au, su ma suna ja? Tambaye ta nawa ne nata."

Na tambaya, ta ce hamsin da tara, 'yar Katolika ce.

"Kaɗan ne," in ji Hajiya. "Ce mata ta riƙa zagayawa sau biyu."

Mai duba tikiti ya iso, ya tarar da rabin tarago a durƙushe. Ba'indiye ne, mai fara'a. Da ya ji abin da ya faru ya yi dariya, ya janyo nasa daga cikin wuyan riga, ya ce su Hindu ɗari da takwas ne nasu. Wannan bai yi wa Hajiya daɗi ba. Ta yi lissafi da yatsu, ta ce mini a hankali, "Sun ɗara mu da tara."

Saura dattijon. Ya koma kujerarsa yana haki, gwiwar wandonsa duk ƙura. Garin durƙuso rigarsa ta ɗage, wasu fararen zarurruka masu ƙulle-ƙulle suka zubo ta ƙugunsa. Hajiya ta ƙura musu ido, tausayi ya cika mata fuska.

"Allah sarki," ta ce. "Shi ya sa ya riga kowa tashi. Shi ma nasa ya tsinke, zaren kaɗai ya rage masa."

Na rasa yadda zan yi, don dattijon ya ga ana kallonsa, ya tambaye ni me Mama ta ce. Na fassara masa. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye. Ya ce shi Bayahude ne, kuma su ba su da carbi sam. Addu'o'insu a littafi suke karantawa, kowace da lokacinta, ba su da wadda suke maimaitawa har su nemi abin ƙirgawa. Zarurrukan kuwa a jikin wata 'yar riga suke ta ciki, ƙullin na tuna masa dokokin Ubangiji.

Hajiya ta saurara, ta gyaɗa kai, amma da saura.

"To in yana zaune haka kawai, me hannunsa ke yi?"

Ya ɗaga jaridar. Ya ce in ta ƙare kuma sai ya nemi wanda za su yi gardama, a nan ne hannuwansa suke samun aiki sosai.

"Irin babanku ke nan," in ji Hajiya. Ta buɗe jaka ta damtso dabino ta zube masa a tafin hannu, ta zuba wa Baturiyar ma. Har muka shiga Birmingham su uku suna hira, ita da Hausa, su da Turanci, ni na gaji na daina fassara, kuma babu wanda ya lura.

Sai da muka zauna a ɗakin auta ta ja carbin da niyyar tasbihi, ta ji ya ƙi ƙarewa inda ya saba. Muka ƙirga, ɗari cif. A tsakiya akwai wani koren dutsen ado, wataƙila daga ɗankunnen wata ya faɗo, wani bawan Allah ya tsinto ya miƙo. Auta ya ce bari ya kwance ya cire.

"Kada ka taɓa," ta ce. "Baƙo ne, ka bar shi."

Haka ta koma Kano da shi a jan zarensa. In an zo gaishe ta, takan miƙa shi a duba, ta ce Kirista ce ta shirya, Bayahude ya tsinto, 'yarta kuwa tana zaune tana jin kunya.