Huhun da Labbo Ya Gasa

Tukur yana yankan dawa a gonarsa ta Furfuri, kakar 1999, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya ya ce masa Labbo Mahauci ya rasu a asibiti a Gusau. Ya yi salati, ya zauna a kan kunya yana hawaye. Can sai dariya ta ƙwace masa. Allah ya jiƙan Labbo, ba a tuna shi baki rufe.

Tare suka yi karatun allo a Bungudu. Daga baya Labbo ya koma Tsafe ya gaji wuƙar mahaifinsa, shekara ashirin da biyu yana fawa. In ya shafa huhun saniya ya ji ƙurajen nan na tarin fuka masu tauri kamar tsakuwa, rami yake kai shi, ko mai saniya zai yi birgima.

Wata ranar kasuwa likitan dabbobi, Malam Lukuman, ya ba Labbo labari. Masana sun karanta ƙwayar tarin fuka kakaf, baƙi bayan baƙi, kamar allo. An kuma samu giwaye masu tarin a ƙasar waje, kuma wata rana irin wannan karatu zai nuna wa ya shafa wa wa, mutum ko dabba.

"Giwa? Da tari?" in ji Labbo. "Ashe dangina ne!"

Mako guda ya yi yana kwaikwayon tarin giwa a rumfa, masu tallar nono suna watsewa da dariya. Tukur, da ya kawo masa ziyara, shi kaɗai ya lura cewa wasa yana ƙarewa, tarin ba ya ƙarewa.

Malam Lukuman ya ce in ya sake samun irin huhun nan, ya aiko masa yanki Gusau a bincika. Labbo ya samu. Amma mahauci na kirki ba ya aika ɗanyen nama tafiya, ya isa hannun mai daraja yana wari. Sai ya tsire shi, ya gasa, ya barbaɗa ƙuli da yaji, har da albasa.

Likita ya zo da kansa, ƙunshi a hannu. "Labbo, me za a karanta? Ka gasa allon!"

"Likita, a karanta da ɗuminsa mana."

Wata bakwai Tukur yana roƙonsa ya je a duba ƙirjinsa. Labbo yana tsoron a ji mahauci na tari a guji namansa. Sai da kaki ya fara zuwa da jini ya yarda. Tukur ya raka shi tashar Tsafe, ya ɗaga shi ya sa a mota, ya ji ba nauyi, kamar kara.

"Don Allah, Labbo, duk abin da suka ce ka kawo, ka kai musu."

Labbo ya leƙo ta taga, haƙora waje.

"Zan kai, aboki. Wannan karon ɗanye."